HAWAN DOKI A SABON MACI: JERIN KARA YANA GYARA ZAMAN MAHAYI

Idan kaka ta wuce, an ɗaure hatsi an zuba rumbu, dawaki kan fito a ƙasar Sabon Maci. Sun ci harawar wake da ta gujiya, sun sha dusa, jikinsu ya murje. Da marece samari kan ɗaura sirdi su fita kilisa. Ranar kasuwa akan gan su bisa hanyar da ta taso daga Maraɗi, ta ratsa garin, ta wuce Kornaka zuwa Dakoro. Babur ya yi yawa. Kabu-kabu ya karɓe aikin da doki ke yi da. Amma har yanzu ranar salla, ko ranar naɗin sarauta, ko ranar biki, ba babur ake kallo ba. Doki ake kallo, da wanda ke bisanshi.

Mahayan wannan yanki sun iya sukuwa. Sun iya zamiya: a saki doki da gudu, a zo gaban sarki a ja linzami, doki ya zauna bisa ƙafafun baya, ƙura ta tashi. Wannan gado ne. Amma akwai wuri guda inda ƙwararren mahayi ma yakan ji kunya. Shi ne inda doki ya iske wani abu a gabanshi, ya zama dole ya tsallake.

Abin tsallakewa kuwa ba ya wuyar samu. Ruwan damana yakan yanka hanya ya bar kwazazzabo. Akwai shingen ƙaya. Akwai kututture. Akwai lambatu a gefen babbar hanya. Inda ake aikin raya ƙasa akwai ramukan rabin wata da jerin duwatsu. Doki mai gudu in ya iske su, ko ya toge, ko ya kauce, ko ya yi tsalle. Ko wanne ya yi, mahayin da bai shirya ba yana cikin hatsari. Manomin da ya karye hannu ana gab da shuka, gonarshi ce za ta biya. Dokin da ya gurɗe kuwa, kuɗin da aka yi shekaru ana tarawa ne suka zube.

SIRDIN YAƘI DA ZAMAN YAƘI

Laifin ba na samari ba ne. Zaman da suka koya tun suna hawan dokin kara, an yi shi ne domin wani aiki dabam. Mayaƙan Gobir na Tsibiri da na Katsinar Maraɗi suna hawa da mashi da garkuwa, wasu da sulke, wasu da lifidi. Mai irin wannan kaya yana son zama wanda ba a tumɓuke shi. Shi ya sa aka yi sirdi mai doguwar kwacciya gaba da baya, mutum ya zauna ciki kamar cikin akushi. Shi ya sa kuma aka yi linzami mai zobe, mai ƙarfi, wanda da an taɓa shi doki ke tsayawa. Wurin yaƙi da wurin zamiya wannan kaya ba shi da aibi. Mahayi ya zauna daram, ya jingina baya, ya ja.

Wurin tsalle kuwa, abin da ake so shi ne kishiyar wannan.

A duba dokin da aka saki ba kowa bisanshi, in zai tsallake rami. Yakan sauke kai tukuna ya duba. Sa'an nan ya tattara ƙafafun baya ƙarƙashin cikinshi, ya tura jiki sama. Cikin iska wuyanshi yakan miƙe gaba, ya yi ƙasa, bayanshi ya tanƙware kamar baka. Da wuya yake daidaita nauyinshi, kamar yadda mai tafiya bisa katanga ke ware hannuwa. In zai dira, da ƙafar gaba guda yake fara taɓa ƙasa, nauyin duka ya sauka bisanta, sa'an nan ta biyu ta biyo.

To, a ɗora mashi mutum wanda ya jingina baya ya riƙe linzami tamau. Doki ya miƙa wuya, ƙarfe ya buge shi a baki. Sai ya ɗaga kai. In kai ya tashi, baya yakan lotsa. In baya ya lotsa, ƙafafun baya sukan faɗo da wuri su bugi abin da ake tsallakewa. Wurin dira kuma mahayi ya faɗo tim bisa gadon bayanshi. Tsalle guda, ciwo uku: baki, ƙafa, baya. Doki ba ya mantuwa. Gobe in ya hango rami zai toge, ko ya ruga a guje don ya gama da wuri. Sai a ce dokin ya yi taurin kai, a sa mashi bulala. Alhali kuwa abin da hannun mahayi ya koya mashi ne yake maimaitawa.

Akwai kuma zancen ido. Idanun doki a gefen kai suke. Yana ganin kusan ko'ina kewaye da shi, amma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin hancinshi. Tun daga nesa yake auna tsawon abin, yana motsa kai. Lokacin da zai tashi, abin ya riga ya ɓace mashi. Wanda ya matse mashi kai a takun ƙarshe, kamar ya rufe mashi ido ne ya ce ya tsallake.

HAFSAN DA YA SAKE ZAMAN DUNIYA

Ba ƙasar Hausa kaɗai aka yi wannan zama ba. Sojojin doki na Turai ma da haka suke tsalle, a jingine baya, ana jan baki. Suna cewa wai suna taimaka ma doki ne don kada ya faɗi ta ka.

Wani hafsan sojan Italiya, Federiko Kapirilli, wanda aka haifa a 1868, shi ne ya ce a'a. Ya ɗauki lokaci yana kallon dawaki suna tsalle ba mahayi. Ya gane doki ya fi mutum sanin yadda zai yi da jikinshi. Aikin mahayi shi ne kada ya hana shi. Sai ya gajarta likkafa. Ya tashi kaɗan daga sirdi. Ya sunkuya gaba. Ya bar hannunshi ya bi bakin doki. Ya koyar da wannan a makarantar sojan doki ta Finerolo, hafsoshin wasu ƙasashe suka zo suka koya suka kai gida. A wajen sukuwa ma an yi irin wannan canji: wani mahayi ɗan Amurka, Tod Sulon, ya je Ingila a 1897 yana hawa a tsugune bisa wuyan doki. Aka yi ta yi mashi dariya, ana cewa zaman biri ne. Da ya yi ta cin tsere, sai masu dariya suka gajarta tasu likkafar. Duk wanda ya taɓa kallon sukuwa a filin Maraɗi ko na Yamai ya ga yaran da ke hawa da irin wannan zama.

Da zaman Kapirilli ne aka yi tsallen da har yau ba a wuce shi ba a wasan tsallen tsawo. Ran 5 ga Fabrairu 1949, a garin Binya del Mar na ƙasar Cile, wani hafsa mai suna Alberto Laragibel ya hau doki mai suna Huwaso ya tsallake metir 2 da santimetir 47. Ya fi tsawon ƙofar zaure. Ba wannan ake nema a Sabon Maci ba. Abin da ake nema shi ne a ƙetare kwazazzabo mai faɗin kamu biyu, a isa gida da doki lafiya.

Italiyawa sun bar wata dabara ta koyo, wadda masu dawaki na duniya ke aiki da ita har yanzu. Ana jera sanduna a ƙasa, a bar rata daidai da takun doki. Daga baya a ɗaga wasu kaɗan. Doki ya bi ta cikin jerin. Amfanin abin shi ne, ratar ce ke kai doki wurin da ya kamata ya tashi. Mahayi ba ya bukatar tunanin inda za a tashi. Sai hankalinshi ya koma ga jikinshi: ina ƙafa, ina hannu, ina ido.

DA ME ZA A YI JERIN?

Ba sai an sari icce ba. Gawo da sauran itatuwan gona suna da doka, kuma sun fi amfani a tsaye. Karan hatsi ya isa. A ɗauki kara mai tsawo, a haɗa ƙunshi mai kaurin cinyar mutum, tsawonshi gaba ɗaya da rabi ko gaba biyu, a ɗaure shi wuri uku ko huɗu da igiyar kaba. A yi shida. Ƙunshin kara yana da kauri, doki yana ganinshi sosai, in ya buge shi kuma ba ya jin ciwo. Wanda ke sassaben zamani a gonarshi, aikin da ya yaɗu a jihar Maraɗi tun shekarun 1980, yana iya samun sanduna miƙaƙƙu cikin rassan da ya rage. Sai dai a sassaƙe ƙaya da tsini.

Abin ɗorawa: buhun da aka cika da rairayi, ko tsohuwar taya. Sharaɗi guda ne, kuma ba a yi mashi wasa: duk abin da doki zai tsallake wurin koyo, ya zama in an taɓa shi zai faɗi. Ba a ɗaure shi. Ba a kafa mashi ƙusa. Igiya da waya kuwa sam ba a tsallake su, doki ba ya ganinsu sai sun harɗe shi.

Wurin ma a zaɓe shi. Jigawa mai zurfin rairayi tana gajiyar da jijiyar ƙafa. Fako mai tauri yana bugun kofato da gaɓoɓi. A nemi tsaka-tsaki, inda sawun doki ke shiga kamar yatsa biyu. A tone tushiyar hatsi, don tana huda ƙafa. A bi wurin da ƙafa a duba ramin gafiya da na kurege. Kuma a jira har hukuma ta saki gonaki, ko a nemi izinin mai gona. Rigimar ɓarna ta ishi ƙasar Dakoro, kada wasan doki ya ƙara mata.

Ga awon da masu wannan aiki ke bi. An rage shi kaɗan domin dawakin nan ba su kai na Turai girma ba. In doki zai bi da tafiya, ratar ƙunshi da ƙunshi santimetir 80 ce, wato kamu biyu ba kaɗan. In da sassarfa ne, metir 1 da santimetir 10 zuwa 30, wato kamu biyu da rabi. In da ƙaramar sukuwa ne, wajen metir 3, wato kamu shida. Amma awo na baki somin taɓi ne. Kowane doki da takunshi.

Nan ne makiyayi ya fi bature sa'a. Bature yana aune da igiyar awo. Mutumin Sabon Maci yana da rairayi, kuma ya iya karanta sawu tun yana yaro. A share tsakanin ƙunshin da tsintsiya. Doki ya wuce sau ɗaya. A je a duba. In sawun ya faɗa tsakiyar rata, awo ya yi. In sawun yana matsowa kusa da ƙunshin gaba, doki na neman wuri, a buɗa ratar. In doki yana miƙewa da ƙyar, ko yana sa taku biyu a rata guda, a matse ta. Saboda haka wannan aiki na mutum biyu ne: ɗaya bisa, ɗaya ƙasa. Na ƙasa shi ke gyara kara, shi ke duba sawu, shi ne kuma madubin na bisa.

KIƊAN ƘAFA

Kowace tafiyar doki tana da kiɗanta. Tafiya tana da bugu huɗu. Sassarfa tana da biyu, kamar mata biyu suna lugude a turmi guda: wannan ta ɗaga, wannan ta sauke. Ƙaramar sukuwa tana da uku, kamar an ƙara ta uku a turmin, sa'an nan ɗan shiru, lokacin da ƙafafu huɗu duk suke sama.

Mai lugude ta san abu guda. In ɗaya ta yi sauri, ko ta yi jinkiri, taɓare za su haɗu. Haka jerin kara yake. Dokin da ya shigo da kiɗa guda, ya fita da shi, ba ya taɓa kara. Wanda aka zabura a takun ƙarshe, ko aka ja ma baki, shi ke watsa jerin.

Yawancin samari a nan suke kuskure. Sun saba cewa in za a yi bajinta sai a ƙara gudu. Da sun hango kara sai kaimi, sai bulala, sai ihu. Gudu ba ya sa doki tashi sama. Miƙe shi yake yi, ya baje, ya tashi nesa ya dira bisa abin. Ƙarfin tsalle daga ƙafafun baya yake fitowa, kuma sai doki yana a tattare suke samun shiga ƙarƙashinshi.

Maganin abin ba shi da tsada: ƙirga da baki. Tun daga nesa mahayi ya fara, da murya wadda na ƙasa zai ji: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Kada ƙirgar ta canza gaban kara, ko bisa kara, ko bayan kara. In na ƙasa ya ji ƙirga ta fara gaggawa, ya ce a koma. Ƙirga tana da wani amfani na biyu. Mai jin tsoro yakan riƙe numfashi, jikinshi ya sandare, doki kuwa yana jin haka nan take. Mai ƙirga da baki dole ya yi numfashi.

Wasu dawaki an koya musu tafiya irin ta raƙumi, ƙafar gaba da ta baya na gefe guda suna tashi tare, don daɗin doguwar hanya. Irin waɗannan sukan rikice cikin jerin sassarfa. A daɗe da su bisa jerin tafiya, kada a matsa musu.

ZAMAN KANSHI

A fara da likkafa. Mahayi ya hau, ya cire ƙafafu ya sake su. Gindin likkafa ya zo daidai idon sawu, ko sama da shi kaɗan. Ga mafi yawan mahaya wannan yana nufin a gajarta ta kamar yatsa huɗu. Likkafar gargajiya mai faɗi ce, ƙafa duka ke shiga. Wurin tsalle gaban tafin ƙafa kaɗai ake ɗorawa, diddige ya sauka ƙasa. Diddigen da ya sauka shi ne turken mahayi. Kuma ƙafar da ba ta shige can ciki ba tana fita da sauƙi in an faɗi. Babu mummunar faɗuwa kamar wadda ƙafa ta maƙale, doki yana jan mutum.

Sa'an nan a tashi. Ba miƙewa tsaye ba. A ɗaga mazaunai daga sirdi kamar faɗin tafin hannu. A lanƙwasa daga kwankwaso, baya a miƙe, ba a ƙudundune ba. Mazaunai su ɗan koma baya, ƙirji ya zo gaba. Wanda ya duba daga gefe ya ga kafaɗa, da gwiwa, da yatsun ƙafa sun yi layi guda. Akwai gwaji mai sauƙi. A ce an zare doki daga ƙarƙashin mahayi, shin zai dira bisa ƙafafunshi, ko zai kifa, ko zai faɗi ta baya? In zai dira tsaye kamar ɗan kokowa da ya ja daga, zama ya yi.

Wannan zama yana cin cinya. Ranar farko ba mai iya riƙe shi minti biyu. Don haka kafin a je ga kara ko ɗaya, a yi mako biyu ana koyon shi wurin kilisa, da tafiya, sa'an nan da sassarfa. A tashi a ƙirga ashirin, a zauna. Gobe talatin.

Sirdi mai doguwar kwacciyar gaba yana iya bugun ciki in an sunkuya. Wanda ke da sirdi mai gajerar kwacciya, ko irin na ƴan sukuwa, ya ɗaura shi. Wanda ba shi da shi, ya tsaya ga kara na ƙasa da ƙaramin tsalle. A duba majayi sau biyu, kafin hawa da bayan doki ya ɗan zagaya, don doki yakan kumbura ciki lokacin ɗauri. Kayan ado masu lilo, a bar su sai ranar salla.

Hannu shi ne babbar magana. Da linzami mai zobe, kuskure kaɗan yakan fasa baki. Mai koyo ya ɗaura igiya mai laushi a wuyan doki, gaban sirdi, ya riƙe ta tare da igiyar linzami. Ko ya kama geza. In jiki ya yi baya, igiyar wuya ce za ta sha ja, ba baki ba. Wasu samari suna ganin kama geza abin kunya ne. Manyan mahayan duniya suna kama ta in ta ɓaci, ba su kuma ɓoyewa. Dokin da ke da ladabi, ana iya koyon jerin da ragama kaɗai, ko da linzami mai sauƙi marar zobe. Kaimi kuma a cire shi. Mai koyo ƙafarshi tana lilo, zai soki doki ba da niyya ba, kuma raunin ƙarfe ƙofa ce ta tetanos, ciwon nan mai sarƙe haƙora, wanda ke kama doki da sauƙi.

Ido ya tafi gaba. A zaɓi wani icce ko rumbu can bayan jerin, a kafa mashi ido. Kan mutum yana da nauyi. In ya duƙa kallon kara, kafaɗu za su bi shi, nauyi ya koma bisa ƙafafun gaba na doki a daidai lokacin da yake son ɗaga su.

Kuskure iri biyu na ƙasa zai riƙa gani. Na farko, a bar mahayi baya: doki ya tashi shi yana zaune. Na biyu, mahayi ya riga doki: ya faɗa bisa wuya tun doki bai tashi ba. Na biyun ya fi kama masu zafin nama, kuma shi ke jefa mutum ta kan doki in ya toge. Maganinsu guda ne. A shiga jerin a tashe tun daga nesa, a tsaya haka, a bar doki ya taso ya iske ƙirji. Mahayi ba ya tsalle. Doki ke tsalle.

DAGA ƘUNSHI GUDA ZUWA JERI

Ranar farko ƙunshi guda a ƙasa. A bar doki ya shinshina shi. A wuce da tafiya, ta nan da ta can, har ya daina kula shi. Daga guda sai a koma uku. Ba a sa biyu, don doki yakan ɗauke su abu guda ya tsallake su tare. Daga uku zuwa huɗu, zuwa biyar, da tafiya, sa'an nan a gyara rata a bi da sassarfa. Wannan kaɗai yana iya cin wata guda, kuma ba ɓata lokaci ba ne. Dokin da ke bin kara na ƙasa yana koyon ɗaga ƙafa da duban gabanshi, bayanshi yana ƙara ƙarfi.

In ƙirga ta daidaita, hannu ya daina ja, sai a ƙara tsalle na farko. A bar ƙunshi uku a ƙasa. Bayan na ƙarshe a auna kamu biyar, wato wajen metir 2 da santimetir 40. Nan a gicciya ƙunshi biyu, kowane kanshi guda bisa buhu, ɗaya kan a ƙasa. Tsakiyar ta fi ƙasa, kada ta wuce taƙi biyu. Gicciyen yana jan doki zuwa tsakiya. A shigo da sassarfa. Doki zai taka uku, ya yi ɗan tsalle, ya fita da ƙaramar sukuwa. A bar shi ya yi taku biyar ko shida a miƙe kafin a tsayar da shi, a hankali, ba da zamiya ba. Dokin da ake zame ma bayan kowane tsalle yakan fara jin tsoron dira.

Bayan makonni, a ƙara na biyu, gaba uku bayan na farko, wato metir 5 zuwa 5 da rabi. Doki zai dira, ya yi taku guda, ya sake tashi. Nan ne zama ke bayyana. Wanda ya faɗa bisa wuya a na farko ba zai sami lokacin gyarawa ba kafin na biyu. Wanda ya zauna baya zai sha girgiza. Jerin ba ya faɗa, ba ya zagi, amma ba ya ɓoye laifin kowa. In abu ya ɓaci, ba a ƙara tsawo, ba a ƙara bulala. A sauke kara ƙasa a koma baya mataki guda.

Sau biyu a mako ya isa. Kowace rana a fara da minti 15 na tafiya da sassarfa don jiki ya yi ɗumi. A bi jerin sau biyar ko shida. In doki ya yi daidai, a shafa wuyanshi a sauka, ko da rana ba ta yi ba. Lokacin ɗari da safe ya fi. Zafin bazara ba na wannan aiki ba ne. Kada a yi shi da doki ya gama cin hatsi, a jira awa guda ko fiye.

BA KOWANE DOKI BA

Dukushi ba ya tsalle da mutum bisanshi. Ƙashinshi bai gama ƙwari ba, na gadon baya ma sai wajen shekara 5 zuwa 6 yake gamawa. Haƙora ke faɗin shekaru. Doki yana fidda haƙoran nono na tsakiya yana da shekara 2 da rabi, na kusa da su a 3 da rabi, na gefe a 4 da rabi. Wanda bai fidda na biyun ba, karan ƙasa da tafiya kaɗai ya dace da shi. Tsalle sai ya cika shekara 4, shi ma ƙarami. Goɗiya mai ciki, da dokin da ke ɗingishi, da mai gyambo a baya, da wanda rani ya rame, duk a bar su. Bayan kowane aiki a shafa ƙafafu huɗu daga gwiwa zuwa kofato. In an ji zafi ko kumburi, a zuba ruwan sanyi, a huta, in bai sauka ba cikin kwana biyu a nemi likitan bisashe.

Shi ma mahayi ya kare kanshi. Rawani ado ne, ba ya tare bugu. Masu tsallen dawaki suna da hular kwano tasu. Inda babu ita, hular kwano ta babur mai maɗauri ta fi kai tsirara. Kapirilli da kanshi, wanda ya koya ma duniya tsalle, ya rasu a 1907 bayan ya faɗo daga doki cikin birnin Turin kanshi ya bugu, kuma ba wurin tsalle ba ne.

In doki da mahayi sun yi wata biyu ko uku suna bin jerin ba tare da an watsa kara ba, sai a fita daji. A nemi ƙaramin kwazazzabo wanda yaro ke iya tsallakewa. A sauka a duba bakinshi da ƙafa, don gefen da ruwa ya ci ta ƙasa yakan rufta. In akwai tsohon doki da ya saba, ya wuce gaba, sabon ya bi shi da rata mai kyau. A shigo da sassarfa, hannu bisa igiyar wuya, ido can ƙetare, ana ƙirga: ɗaya, biyu, ɗaya, biyu.